Tagar Kwanan Wata, Inda Asirin Jabun Agogo Ke Tonuwa



Duk wanda ke ɗaure da agogo a hannu yanzu, ina roƙonsa ya ɗan ɗaga ya duba. A yawancin agogunan da ke nuna kwanan wata, akwai wata 'yar taga kusa da ƙarfe uku, wadda faɗinta bai fi ƙwayar shinkafa ba. A cikinta lamba take zaune, ɗaya ko biyu. Mutum zai shekara yana leƙa wannan taga kullum bai taɓa tambayar kansa yadda aka rubuta lambar ba. To a kan wannan lamba shirinmu na yau zai tsaya, domin masu ƙera jabun agogunan tsada sun iya kwaikwayon ƙarfe, sun iya kwaikwayon nauyi, da maɗauri, da kwali, da takardun da ke cikin kwalin, amma wannan 'yar lamba ta daɗe tana ba su wuya.

Abin da ya sa na ɗauko zancen shi ne wani ɗan'uwa da ya tara kuɗinsa ya sayi agogo a hannun wani, aka ce masa Rolex ne na hannu, gangariya, mai shi ne ya matsu. Ya kai wa wani dattijo mai gyaran agogo don a rage masa maɗauri. Dattijon bai ma buɗe bayan agogon ba. Ya maƙala ɗan madubinsa a ido, ya ja abin yi wa agogon wani, ya murza kwanan wata daga 1 har zuwa 31 yana kallo, sannan ya ajiye ya ce, "Alhaji, a ina ka saya? In da hali ka koma." Na ga fuskar ɗan'uwan nan a ranar, kuma ba na so in sake ganin irinta a fuskar kowa.

Bari mu fara da tarihin tagar. Hans Wilsdorf ne ya kafa kamfanin da ya zama Rolex, a Landan a 1905, ya kuma mayar da shi Jeniba ta ƙasar Suwizalan a 1919. A 1945, lokacin da kamfanin ya cika shekara 40, suka fito da agogon Datejust, mai yi wa kansa wani da motsin hannu, mai kuma nuna kwanan wata ta taga a ƙarfe uku. A 1953 suka ɗora wani ɗan ƙullutun gilashi a kan tagar, mai kama da ɗigon ruwa, wanda ke ƙara girman lambar sau biyu da rabi. Sun sa masa suna Cyclops, sunan wani dodo mai ido ɗaya a tatsuniyar Girkawa. Ku riƙe wannan sau biyu da rabi, za mu dawo kansa.

A ƙarƙashin fuskar agogo akwai wani siririn faifai mai rami a tsakiya, kamar zobe da aka daddale. A kansa aka buga lambobi daga 1 zuwa 31, a bakinsa na ciki kuma akwai haƙora 31. Kowane dare inji yana tura haƙori ɗaya, faifan ya gusa da kashi ɗaya cikin 31 na da'ira, wato digiri goma sha ɗaya da ɗoriya. Wani ɗan ƙarfe mai sifirin sai ya faɗa tsakanin haƙora biyu ya riƙe faifan cif, don lamba ta tsaya a tsakiyar taga. Faifan bai san wata mai kwana 30 ba, shi ya sa sau biyar a shekara kake tura shi da hannu, bayan Fabrairu da Afrilu da Yuni da Satumba da Nuwamba.

Idan ka ƙirga alƙaluman da ke kan faifan ɗaya bayan ɗaya, za ka samu 53. Tara na kwanakin farko, sai kwana 22 masu alƙaluma bibbiyu. A nan wahalar farko take. Mai tsara rubutun kamfani ba ya zana sifiri zuwa tara sau ɗaya ya yi ta jerawa. Taga ɗaya ce, faɗinta ba ya canzawa, amma 7 shi kaɗai ne a cikinta, 11 siriri ne, 28 kuma ƙato. Dole a faɗaɗa masu zaman kaɗaici don kada su yi kama da maraya a tsakar gida, a matse masu zaman biyu don kada su taɓa bango. Ukun da ke ranar 3 ga wata da ukun da ke ranar 23 ba zane ɗaya ba ne. Tazarar da ke tsakanin 1 da 1 daban take da wadda ke tsakanin 2 da 0. Ido ne ke yanke wannan hukunci, kuma Bahaushe ya ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima.

Wanda ya yi karatun allo zai gane abin da nake nufi nan take. Alaramma yana ganin shafi ya ce wannan hannun Barno ne, wannan na Kano ne, har ya ce wannan almajirin wane ne ya rubuta. Harafin guda ne, amma inda alƙalami ya danna da inda ya sassauta su ne hannun. To manyan kamfanonin agogo ma kowanne da hannunsa, kuma ba sa sayar da zanen rubutun ga kowa. Babu inda mai jabu zai je ya sauke shi a kwamfuta. Abin da ya rage masa shi ne ya samo faifai na asali, ko hotonsa, ya bi sahun rubutun.

Ga inda matsalar take. Abin da yake bi ɗin tawada ce da ta riga ta sauka a kan ƙarfe ta ɗan baje. Zanen asali ya fi ta sirantaka, domin mai zanen ya san za ta baje, ya bar mata wuri. Mai kwafi ya zana bajajjen, ya buga, tasa tawadar ta sake bajewa a kai. Sai lambar ta fito da ƙiba. Ramin cikin 4 da 6 da 8 da 9 ya tsuke, 'yan ƙananan ƙafafun da ke gindin 1 da 2 su dunƙule. Idan ya lura ya ce bari ya rage, sai ya zarce, lambar ta fito a rame kamar an ja da biro. Kamar wanda ya yi fotokwafin takarda ne, ya sake yin fotokwafin fotokwafin. Duk mun san yadda rubutu ke dusashewa a haka.

Yanzu bugun kansa. Ba irin na'urar buga takarda ta ofis ake amfani da ita ba. Ana sassaƙa rubutun a jikin farantin ƙarfe, zurfin da bai kai kaurin gashin kai ba. A shafa tawada, wuƙa ta bi ta kankare, ta bar tawada a cikin sassaƙar kaɗai. Sai wani dunƙule mai laushi ya sauko ya ɗauke ta, ya je ya danna a kan faifan. Masu yin fuskar agogo a Suwizalan sun daɗe da wannan dabara, da can da dunƙulen jelatin, wani abu mai danƙo da ake samu daga fata da ƙashi. A ƙarshen shekarun 1960 aka koma dunƙulen silikon, wanda aka ƙirƙiro a Jamus, sai aikin ya bazu zuwa wasu masana'antu.

A baki abin da sauƙi. Amma dunƙulen yana lotsawa idan ya danna, kuma duk lotsawa tana jirkita rubutu kaɗan. Tawadar tana fara bushewa cikin daƙiƙoƙi. In ta yi kauri ba ta sauka duka, in ta yi ruwa ta malala. Zafin ɗaki da laimarsa suna canza halinta tsakanin safe da yamma. Ƙura guda ɗaya in ta sauka, ta bar farin ɗigo a cikin baƙin lamba. Sannan don rubutu ya yi baƙi wuluk, ya ɗan taso yana sheƙi, sai an maimaita bugu fiye da sau ɗaya, kuma kowane bugu dole ya sauka daidai kan na baya. In ya goce da rabin gashi, lambar ta yi inuwa. Shi ya sa a jabu mai araha za ka ga rubutun a shafe, launinsa toka-toka, gefensa kamar an gutsura.

Ni a ganina babban sirrin ma yana cikin kwandon shara ne. Kamfanin da ke sayar da agogo ɗaya sama da dala 7,000 yana da halin da zai duba kowane faifai a ƙarƙashin madubi ya zubar da wanda bai yi ba. Mai jabu duk abin da ya fito daga injinsa kuɗi ne. Mai kyau ya tafi ga mai biya da yawa, mai dama-dama ya tafi ga na tsakiya, ragowar ya gangaro kasuwannin da ake ganin ba za a duba ba. Kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya, namu kasuwannin suna cikin waɗanda ake turo wa ragowar.



A ce mai jabu ya yi sa'a, zane ya yi, bugu ya yi. Saura inji. Shekaru da yawa jabun agoguna suna tafiya ne da injin da ba don su aka ƙera ba. Wasu na Miyota ne na ƙasar Japan, wasu kwaikwayon injin ETA ne na Suwizalan da ake yi a ƙasar Sin. Waɗannan injuna ba su da laifi, agoguna na halal masu yawa da su suke aiki. Sai dai kowane inji da girman faifansa, da nisan da lambobinsa suke daga tsakiyar agogo. Faifan wannan ba ya faɗawa daidai tagar wancan. Mai jabu yana da zaɓi biyu. Ko ya matsar da tagar, wanda duk mai ido zai gani, ko ya buga lambobin a wani siririn zobe daban ya manna shi da gam a kan faifan injin.

Wannan mannawa ita ce ta tona asirin agogon ɗan'uwana. Zobe ne ake ɗorawa kan zobe, sau da yawa da hannu. In tsakiyarsu ba ta haɗu daidai ba, sai ka ga ranar 5 ga wata lamba tana tsakiyar taga, ranar 13 ta jingina hagu, ranar 21 ta haura sama tana neman ɓuya, ranar 28 ta dawo ta ɗaya gefen. Abin da ya sa dattijon ya zagaye wata duka ke nan. Mai sayarwa yana iya tsayar da agogo a kan ranar da ta fi kyau ya ɗauki hoto ya turo maka ta WhatsApp, amma sauran kwana 30 suna nan suna jira. Ga shi kuma zoben da aka manna ya ƙara kauri, wani lokaci ya riƙa gogar bayan fuskar agogo, har kwanan wata ya maƙale a rabin hanya.

Akwai kuma yadda lambar ke sauyawa. A Rolex na zamani, inji yana tara ƙarfi a sifirin tun da yamma, da sha biyun dare ya sake shi, lamba ta yi tsalle cikin ƙiftawar ido. A injuna masu sauƙi faifan yana jan jiki a hankali, awa ɗaya ko biyu, har ka ga rabin yau da rabin gobe a taga ɗaya. Kada wani ya ji wannan ya ɗauka agogonsa ya lalace. Agoguna nagari da yawa haka aka yi su, kuma suna aiki shekara da shekaru. Abin dubawa shi ne agogon da ke ɗauke da sunan mai tsalle, alhali yana rarrafe.

To mu koma kan sau biyu da rabi. Ɗan gilashin nan ba ya ƙara girman lamba kaɗai, yana ƙara girman kuskure. Gocewar kashi ɗaya cikin goma na milimita, wadda ido ba zai kama ba, a ƙarƙashinsa ta zama rubu'in milimita, kuma wannan ido yana gani. Wato kamfanin ya ɗora madubin bincike a kan wurin da ya fi wuyar kwaikwayo. Ƙarin girman kuma ya dogara da yadda gilashin ya lanƙwasa da nisansa daga faifai. A jabu da yawa girman ba ya wuce sau ɗaya da rabi, lambar ta zauna ƙarama a tsakiyar ɗigo. Wasu sai su buga lambobi manya don su cike giɓin, to amma in ka karkata agogon ka leƙa tagar ta gefe, sai ka ga ƙatuwar lamba ta cika ta maƙil. Na asali na 'yan shekarun nan kuma yana da wani shafi a ƙarƙashin ɗigon mai hana haske walwali, shi ya sa lambar ke fitowa tas ko a rana.

Wani abin da ke ƙara rikita mai jabu shi ne kamfani ba ya tsayawa kan rubutu ɗaya. A wasu agogunan Rolex na shekarun 1950, kwanaki suna zuwa ja da baƙi, ɗaya bayan ɗaya. A tsofaffin faifai, cikin 6 da 9 ba ya rufewa, wutsiyar tana tsayawa kafin ta haɗe, daga baya aka rufe su. Akwai 3 mai shimfiɗaɗɗen kai, akwai mai zagayayyen kai. Inji ma ya sauya, mai lamba 3035 a 1977, 3135 a 1988, 3235 a 2015. Saboda haka bai isa rubutu ya yi kyau ba, sai ya dace da shekarar agogon. Agogonsu na Day-Date kuwa, wanda ya fito a 1956, yana rubuta sunan rana cikakke, kuma ana samunsa cikin harsuna 26, har da Larabci. Wasu ma da alƙaluman Larabci suke zuwa. Duk wanda ya san su ya san biyu da uku haƙori ɗaya ne ya raba su, bakwai da takwas kuma juyin juna ne. Ma'aikacin da bai karanta Larabci ba zane kawai yake kwafa, bai san inda ba a taɓawa ba.

Girman wannan sana'a ba kaɗan ba ne. A 2023 Suwizalan ta fitar da agogunan hannu kusan miliyan 17 zuwa ƙasashen waje, ƙungiyar masana'antun agogo ta ƙasar kuma ta daɗe tana cewa jabun da ake yi duk shekara sun kai miliyoyi gommai. A 2010 hukumomin Amurka sun bi ta kan jabun Rolex kusan 7,000 da motar daɓe titi a birnin Filadelfiya. Yawancin jabun daga kudancin ƙasar Sin suke fitowa, yankin birnin Gwanzu da 'yan kasuwarmu ke zuwa sarin kaya.

Yanzu ga gargaɗin da na fi so ku riƙe, domin rabin ilimi a nan yana iya jawo asara. A 'yan shekarun nan masu jabu na sama sun daina mannawa. Sun kwaikwayi injin 3135 sukutum, har faifan asali yana shiga cikinsa. Akwai masu sayen faifai na gaske da gilashi na gaske su sa a jabun agogo, don sun san nan ne ake dubawa. Saboda haka mummunan rubutu yana nuna akwai matsala, amma kyakkyawan rubutu bai wanke agogo ba. Kama da wane ba ta wane. Ta ɗaya ɓangaren kuma, tsohon agogo na gaske da aka kai gyara kamfani yana iya dawowa da sabon faifai mai rufaffen 6 da 9, domin na zamaninsa ya ƙare. Kada ka ga haka ka kira bawan Allah ɗan damfara a bainar jama'a. Ka tambayi tarihin gyaran tukuna.

Matan da ke sayen atamfa a Kantin Kwari sun riga mu sanin wannan darasi. Ba sa tsayawa kan zanen fure, bakin zanen suke juyawa su karanta lamba da tambari, su taɓa, su shinshina, sannan su duba wane ne mai shagon. Mai sayen agogo ma haka ya kamata ya yi. Ka nemi madubin masu gyara mai ƙara girma sau goma, ba shi da tsada. Ka fita da agogon hasken rana. Kafin ka murza kwanan wata, ka kai hannayen agogon wajen ƙarfe shida, domin a injuna da yawa murza shi tsakanin tara na dare da uku na asuba yana iya karya haƙori, kuma a kan fuska ba ka sanin sha biyun rana ce ko ta dare. Sannan ka bi kwanakin ɗaya-ɗaya. Ka duba ko kowace lamba tana tsakiya, ko baƙinta ɗaya ne, ko ramin 8 a buɗe yake, ko tana faɗawa wurinta da ƙarfi ba tare da lilo ba. Ka fi tsayawa a kan ashirin da wani abu, su ne suka fi cika taga, a nan gocewa ta fi bayyana.

Idan kuɗin mai yawa ne, duk wannan share fage ne kawai. Ka ce a je wurin ƙwararren mai gyara a buɗe baya a ga inji, a gaban mai sayarwa, kafin ko sisi ya fita daga hannunka. Mai gaskiya ba ya ƙin wannan. Wanda ya ce maka sauri yake, jirgi zai bi, wani ma ya taya, ka bar masa kayansa.

Ga 'yan'uwana masu sayarwa kuma, da ku nake, cikin girmamawa. Na san da yawanku kuna faɗa wa mai saye cewa wannan kwafi ne, ya saya da saninsa. Ko a hakan akwai haƙƙin masu suna, kuma agogon da ka sayar yau a matsayin kwafi yana iya shiga hannu na uku a matsayin na asali. Amma wanda ya san jabu ne ya rantse ya karɓi kuɗin gangariya, wannan algus ne, kuma dukkanmu mun san hukuncinsa tun muna makarantar allo. Ɗan'uwan da na ba ku labari ya koma neman wanda ya sayar masa, ya tarar lambar wayar a kashe. Agogon yana nan a cikin durowarsa, ya tsaya a kan 21 ga wata, lambar ta haura sama rabinta a ɓoye.